Shayi Baƙo Ne a Gobir

A wannan makon za mu zauna a teburin mai shayi, domin akwai abin da muke yawan gani a labaran da ake turo mana: marubuci ya kai mu fadar Alkalawa zamanin Bawa Jan Gwarzo, sai ga baiwa ta shigo da butar shayi. Wannan buta ta riga lokacinta da nisa. Alkalawa ta faɗi a 1808, kuma abin da ake tarbar baƙo da shi a lokacin fura ce da nono, sai goro daga Gwanja ga mai hali.

Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can Ɗan Halima ya ɓalle a tsakiyar ƙarni na 19 ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan Alkalawa. Isa kuwa tana cikin garuruwan ribaɗi da Sakkwato ta tsayar a bakin wannan iyaka. A daidai shekarun nan ne fataken Ingila suka fara cika kasuwannin Maroko da koren ganyen shayi na ƙasar Sin, musamman bayan 1854. Daga Maroko ya bi ayarin raƙuma zuwa Sahara, sannu a hankali ya shiga hannun Buzaye. Shi ne shayin ƙaramar buta a kan gawayi, mai ɗaci da kumfa, wanda ake sha zagaye uku. Ko sunayen sun nuna hanya: ataya daga bakin mutanen Maroko ta fito, shayi kuma daga Larabcin gabas. (Mai rubutu ya kula, shayi a Hausa yana nufin kaciya ma, kuma ba jimla ɗaya ba ce wannan ya taɓa kunyatawa.)

Baƙin shayi, wanda muke zuba wa madara mu tsoma burodi, ta teku ya zo. Turawan Ingila sun fara nomansa a Assam ta Indiya a shekarun 1830, aka sayar da kason farko a Landan a 1839, sannan aka dasa shi a tsaunukan Darjeeling a 1841. Da suka ci Sakkwato a 1903, aka ja iyaka ta raba Gobir biyu: Tsibiri ta faɗa wa Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa wa Ingila. Kantunan Turawa da jirgin ƙasa da ya kai Ƙauran Namoda a 1929 su suka kusanto da ganye da sukari da madarar gwangwani. Shi ya sa har yau a kasuwa ɗaya za ka ga shayi iri biyu, ɗaya a kan gawayi a majalisar samari, ɗaya a babbar tukunyar mai tebur.

Ganyen duka daga itace ɗaya yake. Bambancin yana ga aikin da ake masa bayan tsinka. Kore ana gasa shi nan take don kada ya canza launi. Baƙi kuwa ana shanya shi ya yi yaushi, a murza shi, a bar iska ta ratsa shi har ya koma ja mai duhu, sannan a busar. Abin da ke cikin ƙullin Lipton gauraye ne na gonaki masu yawa, an niƙa shi ƙanana don ya saki launi da sauri, kuma ɗanɗanonsa ya zama ɗaya kowace shekara. Masu tsadar ganye akasin haka suke nema: ganyen gona guda, na tsinka guda. A Darjeeling tsinka ta biyu, ta watan Mayu da Yuni gab da saukar damina, wato daidai bazararmu, ita ce ake yabo saboda ƙamshinta mai kama da na inabi. Irin wannan ba a dafa shi a tukunya. Cokali ƙarami ɗaya na ganye, a zuba masa ruwan da ya tafasa, a rufe minti 3 ko 4, a tace. Idan ya wuce haka bauri ya danne ƙamshin. A fara kurɓa babu sukari, a bar shi ya ɗan huce a baki. Mu da muka saba da citta da kanumfari da masoro za mu ce bai ji haɗi ba, kuma a ganinmu babu laifi a nan, kowane da muhallinsa.

Mu ma muna da gona guda. A Kakara da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba ake noman shayin Highland tun shekarun 1970, domin can ne ake da sanyi da ruwan sama da itacen ke so. Ƙasar Gobir mai gero da wake ba za ta ɗauke shi ba, don haka duk kofin da aka sha a Isa sai da mota ta kawo ganyensa.

Nan ne tarihin ya taɓa rayuwar yau. Kayan da ke shigowa ta Maraɗi sun ji rufe iyaka na 2019, sun sake jin na 2023 bayan juyin mulkin Nijar. A Satumbar 2021, saboda 'yan bindiga, an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Sakkwato har da Sabon Birni da Isa. Teburin mai shayi sana'ar asuba da dare ce, kuma waɗannan lokutan ne tsoro ya fara cinyewa. Wanda zai rubuta labarin Sabon Birni na waɗannan shekaru ya tambayi mai shayin tasha ƙarfe nawa yake kashe wuta a da, ƙarfe nawa yake kashewa yanzu, da kuma gwangwanin madara nawa yake fasawa kafin gari ya waye.