Fluid

Fluid kalma ce ta Turanci da ke nufin duk abin da ke kwarara, wanda ba shi da siffa tasa sai ta mazubin da yake ciki. Asalinta kalmar Latin ce, fluidus, daga aikatau fluere, wato kwarara. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15 a matsayin sifa, daga baya ta zama suna a ƙarni na 17.

A kimiyyar fiziks ma'anarta ta fi ta kalmar liquid (abu mai ruwa-ruwa) faɗi, domin ta haɗa ruwa da mai da iska da tururi. Likitoci kuwa ruwan jiki suke nufi da ita, ko wanda ake ƙara wa majinyaci. Ma'aunin fluid ounce kusan mililita 28.4 ne a Birtaniya, 29.6 a Amurka.