Sakkwatanci Ba Kuskure Ba Ne

Masu gyara wa mutumin Dingyadi magana don ya ce "shina zuwa" sun manta cewa Daidaitacciyar Hausa 'yar jiya ce. A Zariya aka raine ta, a hannun Rupert East da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, sannan Hukumar Hausa ta 1955 ta ƙarfafa ƙa'idojinta bisa Kananci. Tun kafin nan da fiye da ƙarni, Shehu Usmanu yana zaune Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, ana wa'azi da harshen yankin. Za a ce makaranta tana buƙatar ma'auni ɗaya. Haka ne, a takardar jarrabawa. Amma hirar kasuwa da saƙon waya tsakanin 'yan'uwa ba jarrabawa ba ne, kuma Sakkwatanci yana da nasa nahawun, wanda masu shi ba sa karyawa.