Takin shanu a Jahun da kwarin Haɗeja

Takin shanu shi ne kashin shanu da fitsarinsu, haɗe da ragowar kara da harawa, wanda ake zubawa a gona domin ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ana kiransa takin gargajiya ko takin gida, don bambanta shi da takin zamani. Busasshen kashin saniya da ake tsinta a daji kuwa shi ake kira kandilo. A ƙaramar hukumar Jahun ta jihar Jigawa da ƙasashen da ke bakin kogin Haɗeja, takin shanu ya daɗe yana haɗa manoma da makiyaya, kuma yadda ake samunsa ya sauya sosai daga shekarun 1970 zuwa yau.

Amfaninsa

Sinadarin naitirojin da ke cikin busasshen takin shanu bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, alhali takin yuriya yana da kashi 46. Shi ya sa ake auna takin gida da mangala ko amalanke, na zamani kuma da buhu ko mudu. Sai dai yana yin abin da na zamani ba ya yi: yana sa ƙasa mai rairayi ta riƙe danshi, kuma ƙarfinsa yakan kai damina biyu ko uku. Gonar da ake takinta ba ta cika fama da ƙuduji ba kamar wadda ta gaji. Idan aka zuba shi ɗanye bai ruɓe ba, yakan ƙona shuka, ya kuma kawo irin ciyawa.

Tudu da fadama

Gonakin yankin iri biyu ne. Akwai jigawa, wato tudun rairayi inda ake shuka gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi (daga wannan kalma jihar ta samo sunanta a 1991), akwai kuma fadama. Tudu ne ya fi buƙatar taki, domin a da ambaliyar kowace shekara takan bar wa fadama laka mai albarka.

Tsohon tsarin shi ne, bayan an cire amfanin gona da kaka, manomi ya gayyaci Bafulatani ya kafa mashekari a gonarsa. Shanun su ci kara da karmami, su kwana a wurin, ana matsar da makwancinsu daga gefe zuwa gefe har gonar ta samu. Manomi yakan ba da damin gero ko dawa, wani lokaci da izinin shayarwa a rijiya. Idan rani ya yi nisa sai garken ya gangara fadama. Ke nan ciyawar da shanu suka ci a daji da fadama ita ce ke komawa gonar tudu ta zama hatsi.

Kano, Katsina da Nijar

A karkarar birnin Kano, inda Michael Mortimore ya fara bincike a shekarun 1960, jama'a sun yi yawa har babu filin da za a bari ya zama saura, kuma babu wadataccen wurin kiwon manyan garkuna. Can an fi dogara da takin awaki da tumaki da ake ɗaurewa a turke da damina, da toka da sharar gida. Jakuna kan shiga birni da itace su fito da taki. A Batagarawa kusa da Katsina, Polly Hill ta nuna a littafinta na 1972 cewa manoma na bambanta karkara, wato gonakin kusa da gari da ake taki ana nomawa duk shekara, da gonakin daji. Wannan ma'ana ta kalmar ta fi ta yau ƙunci, inda karkara ke nufin ƙauye kawai.

A Ilela ta jihar Tawa a Nijar, taki ya yi ƙaranci har ba a watsa shi. Tun daga 1989 manoma suka rungumi tassa, ƙananan ramuka da ake sa taki kaɗan a ciki a yi shuka, dabarar da suka gano a Burkina Faso.

Sauye-sauye

Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984 wanda ya zo tare da cutar bushiya, sun kashe shanu da yawa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya ambaliyar kogin Haɗeja, noman rani na shinkafa, alkama da kayan lambu kuma ya cinye makiyayar fadama. A lokaci guda, tallafin gwamnati daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya sa takin zamani ya yi arha.

Abin da ya fi raunana tsohuwar yarjejeniyar shi ne, manoma da kansu sun koma ajiye shanun huɗa da na kiwo. Karan da a da ake bar wa baƙo yanzu ana kwashe shi a ajiye ko a sayar, taki ma ya zama haja. Makiyayin da ya iso gona ya tarar babu abin ci, ko ya tarar da amfanin rani a hanyar mashaya, shi ne mafarin rikice-rikice da dama, musamman a Guri da Kirikasamma. Tsadar takin zamani tun daga 2022 ta sa an sake komawa ga takin gida, amma wanda ba shi da dabba ko amalanke sai ya saya, don haka gonar talaka ce ta fi rasa shi.

A Turai

A Turai matsalar akasin wannan ce. A Holan shanu da aladu sun yi wa filaye yawa, har taki ya fara gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta taƙaita takin dabbobi zuwa kilo 170 na naitirojin a kowace hekta a shekara a yankunan da ruwa ke cikin haɗari, kuma masu kiwo a Holan kan biya kuɗi don a kwashe musu rarar.