Tarihin Likitan Unguwa a Birtaniya da Mas'alar Rabon Magani

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Birtaniya, ko don neman ilmi ko don fatauci, ya san cewa idan ciwo ya kama mutum, muddin ba haɗari ba ne ko wata larura ta gaggawa, ba ya dosar babban asibiti, sai dai ya nufi ɗakin shan magani na likitan unguwarsu, wanda ya riga ya rubuta suna a wurinsa, shi kuwa ya duba shi, ya rubuta masa magani, in kuma al'amarin ya fi ƙarfinsa ya haɗa shi da takarda zuwa wurin ƙwararru. Wannan likita, wanda suke kira GP, shi ne ƙofar da kowa ke bi kafin ya isa ga sauran ma'aikatan lafiya na ƙasar. To, yau ƙofar ta yi ƙunci, har ta kai mutane sukan zauna bakin waya tun ƙarfe takwas na safe suna rige-rigen samun ganin likita, likitocin kuma suna kukan aiki ya yi musu yawa, ma'aikatan jinya na kukan ba a san darajarsu ba, kuma kamar yadda aka saba a ko'ina, wahalar ta fi sauka a kan talakawa. Wanda yake son ya fahimci sababin wannan hali, lalle ne ya koma ga asalin sana'ar.

A zamanin da, masu ilmin ɗibbu a Ingila kashi uku ne. Akwai manyan likitoci, waɗanda Sarki Henry na Takwas ya ba kwalejinsu izini a 1518, masana Latin, masu duba sarakuna da attajirai, waɗanda kuɗin ganinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Akwai masu fiɗa, waɗanda tun daga 1540 har 1745 ƙungiyarsu ɗaya da masu aski, suna tsaga suna zubar da jini suna cire haƙori, kusan yadda wanzamai suke a ƙasar Hausa. Na ukun su ne masu harhaɗa magunguna, 'yan kanti ne tsantsa, waɗanda sai a 1617 aka raba su da masu sayar da kayan ƙamshi da na masarufi. Bisa ƙa'ida, aikin waɗannan shi ne su haɗa abin da babban likita ya rubuta, amma da yake talaka ba shi da hanyar isa ga babban likita, sai ya riƙa zuwa kanti yana faɗin abin da ke damunsa, mai kanti kuma yana ba shi abin da ya ga ya dace. Manyan likitoci suka ga ana shiga musu hurumi, suka kai ƙarar wani mai kanti mai suna William Rose saboda ya yi wa wani mahauci magani, shari'a ta yi ta tafiya har ta isa Majalisar Dattawan ƙasar, wadda a 1704 ta yanke hukuncin da ya halatta wa masu kanti duba marasa lafiya. Dokar 1815 ta wajabta musu karatu da jarrabawa, ta 1858 kuma ta kafa majalisar da ke riƙe da littafin sunayen likitoci duka. Daga wannan tsatso likitan unguwa ya fito, watau jikan ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kuma wannan gado bai rabu da sana'ar ba har yau.

Da masana'antu suka bunƙasa, leburori suka taru a birane da garuruwan haƙar kwal, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa yana zuba 'yan kwabbai duk mako, a ɗauki likita a biya shi gwargwadon yawan kawunan da ke ƙarƙashinsa. Mafi shahara ita ce ta garin Tredegar a kudancin Wales, wadda ta game kusan dukan mutanen garin, inda likita kuma marubuci A. J. Cronin ya yi aiki, inda kuma aka haifi Aneurin Bevan a 1897, wanda ya shiga ramin kwal yana ɗan shekara 13. A 1911 Lloyd George ya shigar da gwamnati cikin lamarin: ma'aikaci ya ba da kwabo huɗu a mako, ubangidansa uku, baitulmali biyu, shi kuwa ya sami likita ba tare da ƙarin biya ba. Illar wannan doka ita ce ta tsaya ga mai aikin kaɗai, ta bar matarsa da 'ya'yansa a waje, alhali kuwa su ne suka fi bukata.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Bevan ya zama ministan lafiya, ya ɗaura niyyar kowa ya sami magani kyauta, kuma a ranar 5 ga Yuli 1948 Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS, ta fara aiki. Sai dai kafin a kai ga haka an sha jayayya mai tsanani da ƙungiyar likitoci, waɗanda suka ƙi yarda su zama ma'aikatan gwamnati masu karɓar albashi. Sulhun da aka yi shi ne, gwamnati ta karɓi asibitoci, amma likitan unguwa ya zauna a matsayin ɗan kwangila, ginin nasa ne, ma'aikatan nasa ne, ana biyansa bisa yawan mutanen da ke cikin littafinsa. An hana su sayar wa juna da jerin marasa lafiya kamar yadda suka saba, aka ware musu diyyar fam miliyan 66, aka kuma kafa wani kwamiti mai ikon hana sabon likita buɗe wuri a unguwar da likitoci suka riga suka wadata. Hakika alheri ne babba aka yi, domin mata da yara da tsofaffi da suka daɗe suna haƙuri da ciwo sun fito dubbai; amma biyan kuɗi bisa lissafin kawuna, ba tare da auna nauyin cutar da ke kan kowane kai ba, ya shigo cikin sabon tsari yadda yake a tsohon.

Ba a yi shekara biyu ba sai wani likita ɗan Ostireliya, Joseph Collings, ya zaga ɗakunan likitoci 55, ya buga abin da ya gani a mujallar Lancet a 1950: ɗakuna masu ƙazanta, babu gadon duba majinyaci, babu wurin wanke hannu a wasu, kuma mafi muni a unguwannin masana'antu, inda cuta ta fi yawa. Abin ya yi wa masu sana'ar zafi, kuma zafin ya yi amfani, domin a 1952 suka kafa kwalejinsu, suka zaɓi William Pickles, likitan ƙauye daga Yorkshire, ya zama shugabanta na farko. Yarjejeniyar 1966 ta zo da rancen gina ɗakuna masu kyau, da lada ga waɗanda suka haɗu suka yi aiki tare, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 70 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da likita ya ɗauka. Ta wannan ƙofa ce nas ta shigo ɗakin likitan unguwa sosai.

Jinya a cikin unguwa ta girmi wannan zamani, domin tun 1859 wani attajirin Liverpool, William Rathbone, bayan ya ga irin hidimar da wata nas, Mary Robinson, ta yi wa matarsa a ciwon ajalinta, ya biya ta don ta riƙa bin gidajen miskinai, sa'an nan ya nemi shawarar Florence Nightingale aka kafa makarantar horar da irinta. Amma nas ta ɗakin likita, da farko aikinta wanke gyambo ne da allura da gwajin fitsari. Kwangilar 1990, wadda ta ɗora wa likitoci adadin rigakafi da gwaje-gwajen da za su cika kafin a biya su, ta sa aka ɗauki ma'aikatan jinya da yawa. Ta 2004 kuma, mai biya bisa kyawun kula da ciwon sukari da hawan jini da asma, ta mayar da mafi yawan wannan aiki hannunsu. Daga 2006 ma wadda ta sami horo na musamman tana rubuta kusan kowane magani da kanta. Duk da haka, da yake likitoci ne iyayen gidanta, ba hukuma ba, ba ta cikin ma'aunin albashi na ƙasa da takwararta ta asibiti take ciki, hutun ciwo da na haihuwa ma sai abin da masu ɗakin suka ga dama, kuma ko da yake doka ta yarda ta shiga cikin masu mallakar ɗakin, ƙalilan ne suka kai ga haka. A ganina wannan rashin adalci ne bayyananne, a ɗora wa mutum amanar rayuka sa'an nan a hana shi kujera a wurin da ake yanke shawara.

Wanda ya fi kowa fayyace mas'alar rabo shi ne Julian Tudor Hart, haifaffen Landan, wanda ya bar birni a 1961 ya tare a Glyncorrwg, wani ƙauyen mahaƙa kwal a Wales mai mutane kimanin dubu biyu, ya zauna cikinsu har 1987. A 1971 ya buga maƙala a Lancet inda ya kafa wata ƙa'ida, ma'anarta ita ce, samuwar kyakkyawar kulawa takan ragu gwargwadon yadda bukatar jama'a gare ta ta ƙaru, kuma wannan juyin yakan tsananta a duk inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Bai tsaya ga magana ba. Shi da matarsa Mary da ma'aikatansu suka auna hawan jinin mutanen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a san wani likita ya riga shi yi ga dukan jama'arsa ba, har wanda ya ƙi zuwa a bi shi gida. Suka riƙa bibiyar masu shan taba da masu ƙiba da masu ciwon sukari shekara da shekaru, suna rubuta kome. Da aka yi lissafi bayan shekara 25, sai aka tarar mace-mace a Glyncorrwg sun gaza na wani ƙauye makwabci mai irin halinsa da kimanin kashi 28 cikin ɗari. Ba da wata na'ura mai tsada aka sami wannan ba, illa dai likita ɗaya ya zauna wuri ɗaya har ya san mutanensa, su ma suka san shi. Malamanmu, irin su Imam Ghazali, sun lissafa ilmin ɗibbu cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai tsayuwa da su a gari laifin ya hau kan kowa. Ban san wanda ya fahimci nauyin wannan farilla a aikace kamar mutumin nan ba, ko da yake ba daga littattafanmu ya koyo ta ba.

Hujjoji sun yi ta biyo baya. Rahoton Sir Douglas Black na 1980 ya nuna tazarar mutuwa tsakanin masu hali da marasa hali ba ta rufe ba duk da shekara talatin na magani kyauta, gwamnatin lokacin kuwa ta fitar da kwafi 260 kacal a ranakun hutu. Rahoton Michael Marmot na 2010 ya tarar mazauna unguwannin da suka fi talauci a Ingila suna riga mazauna unguwannin masu arziki mutuwa da shekara 7, tazarar shekarun da ake rayuwa babu naƙasa kuwa ta kai 17. Kwamitin nan mai daidaita rabon likitoci an rushe shi a 2002. Ma'aunin rabon kuɗi da aka kafa a 2004 ya fi ba tsufa nauyi a kan talauci, alhali talaka cututtuka sukan taru masa tun yana ɗan shekara hamsin, kuma sau da yawa ba ya kai shekarun da ma'aunin ke ƙara kuɗi a kansu. Binciken Health Foundation na 2020 ya nuna cewa, idan aka auna da bukata, ɗakunan unguwannin matalauta suna samun kuɗi ƙasa da na sauran da wajen kashi 7 cikin ɗari. Saboda irin wannan ne a 2009 Farfesa Graham Watt na Glasgow ya tara likitocin ɗakuna 100 mafiya fama da talauci a Sikotland, suna neman a ƙara musu lokacin zama da majinyaci, domin minti goma ba ya isar mai ciwo huɗu da bashi da damuwa.

Game da shugabanci kuwa, tsohon tsari ya dogara ne ga likitocin da suka haɗa hannun jari, su ne masu gini, su ne masu biyan albashi, su ne masu ɗaukar asara. Matasan likitoci da yawa yanzu sun gwammace albashi ko aikin wucin gadi a kan wannan kaya, saboda haka idan dattijo ya yi murabus ba a sami magaji ba, sai a rufe ɗakin ko a haɗe shi da wani, har yawan ɗakunan a Ingila ya sauko daga fiye da 8,000 zuwa ƙasa da 6,500 cikin shekara goma sha biyar. An yi alkawarin ƙarin likitoci 5,000 a 2015, aka sake yin na 6,000 a 2019, ba a cika ko ɗaya ba, kuma a Agustan 2024 likitocin suka shiga matakin ƙin amincewa, wasu suna tsayawa ga duba mutum 25 a yini.

Giɓin da ake samu, tun daga shekarun 1960 baƙi ne suke cike shi. Likitocin Indiya da Pakistan su ne suka riƙe kwarurukan kwal na Wales da unguwannin da 'yan ƙasa suka guje wa, yau kuma kusan rabin masu koyon wannan sana'a a waje suka yi karatun likita, Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi ba Birtaniya likitoci. Ba na zargin saurayin da ya bar Kano ko Zariya don neman inda za a biya shi haƙƙinsa a kan kari. Amma Nijeriya da Ghana da Sudan duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma da dukiyar talakawansu aka horar da mafi yawan likitocin da suka fito daga cikinsu. Wajibi ne a kan hukumomin Birtaniya su horar da isassun likitoci da ma'aikatan jinya na kansu, su raba kuɗi bisa nauyin cuta, wajibi ne kuma a kan namu hukumomin su gyara albashi da kayan aikin ƙananan asibitoci, don wanda yake son ya zauna ya yi wa mutanensa hidima ya sami abin da zai zauna a kai.