Yadda Muka Koyi Tantance Abin da Ke Cikin Man Kariyar Rana

Man da ake shafawa don kare fata daga rana yakan ƙunshi sinadarai uku, huɗu ko fiye, kowanne aikinsa ya shanye hasken UV kafin ya ƙona fata. Wannan hali nasu shi ya daɗe yana wahalar da masu ɗakin gwaje-gwaje. In aka narkar da man aka saka a na'urar auna haske, sai duk sinadaran su amsa lokaci guda, sakamako ya fito a cakuɗe. Ka san akwai kariya a ciki, amma ba ka san wanne ya cika awo, wanne ya gaza ba.

Dabarar raba su ta samo asali daga Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, wanda a 1906 ya bayyana yadda launukan ganye ke rabuwa hawa-hawa a bututun gilashi cike da garin alli. A 1941 Archer Martin da Richard Synge a Ingila suka hango cewa ƙananan ƙwayoyi da matsin ruwa mai ƙarfi za su kyautata rabuwar. Sai a shekarun 1960 Csaba Horváth na Jami'ar Yale da wasu suka mayar da hasashen na'ura, wadda muke kira HPLC.

Aikinmu da ita a ɗakin gwaje-gwaje haka yake. Mu auna ɗan man, mu narkar a etanol, mu tace, mu tura cikin bututun na'urar, wanda ake kira C18. Sinadarin da ya fi son ruwa ya riga fita, mai maiƙo ya tsaya jan ƙafa. Oxybenzone kan fito da wuri. Avobenzone da octinoxate da octisalate kuwa kusan tare suke isowa, kuma raba su shi ne gwajin ƙwarewar mai aiki. Avobenzone ma yakan maƙale wa burbushin ƙarfe ya ɓata awo, shi ya sa wasunmu ke ƙara wani sinadari mai suna EDTA a ruwan da ke bi ta bututun.

Da farko tambayarmu ɗaya ce: abin da aka rubuta a jikin kwalba, yana ciki? Daga baya aka gane avobenzone, da Amurka ta amince da shi a 1988, yana lalacewa a ƙarƙashin ranar da aka sa shi ya tare. Wannan ya kawo tambaya ta biyu, sai muka fara shimfiɗa man, mu haska shi, mu sake awo. Irin wannan gwaji ya nuna sinadarin octocrylene na kare avobenzone, octinoxate kuma na hanzarta lalacewarsa.

Tambaya ta uku ta shiga jikin mutum. A 2019 da 2020 masu bincike na hukumar FDA ta Amurka, da HPLC haɗe da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, suka ga waɗannan sinadarai a jinin masu shafawa sun wuce nanogiram 0.5 a mililita guda. Wannan bai tabbatar da cutarwa ba, amma ya wajabta ƙarin bincike.

Ni dai tambayar farko ta fi damuna. Zabiya a Kano ko Maraɗi, wanda sankarar fata ke barazana ga rayuwarsa, ba shi da hanyar gane man jabu da ido. Na'urar da za ta gane masa tana nan, hanyar gwajin ma sananniya ce. Abin da ake bukata shi ne a riƙa ɗebo man daga kasuwa a kai a kai, a gwada, a faɗa wa jama'a sakamakon.