Tankaɗe da rairaya: yadda aka fara zaɓen 'yan sama jannati

Mutumin da ya fara zagaya duniya a cikin kumbo, Yuri Gagarin, ba shi da digirin jami'a a ranar da ya tashi. Ɗan kafinta ne daga ƙauyen Klushino, ya koyi aikin narkar da ƙarfe, daga baya ya zama matuƙin jirgin yaƙi. Tsayinsa santimita 157 kacal, kuma wannan gajarta ta yi masa rana, domin kumbon Vostok matsattse ne, dogon mutum ba zai sake a ciki ba.

A 1960 ne Tarayyar Sobiyet ta ware matasan matuƙa 20 daga rundunar sojan samanta. Abin da aka fi dubawa a lokacin shi ne jiki da juriya. Ana ɗaure mutum a wata na'ura mai wulwulawa har nauyin jikinsa ya ninka sau da yawa, ana sa shi dirowa da laima, sannan a kulle shi kwana da kwanaki a ɗakin da ko motsin kowa ba ya ji, a ga ko hankalinsa zai gushe.

A wannan ɗaki ne aka yi rashin da aka daɗe ana rufa-rufa a kansa. Valentin Bondarenko, ɗan shekara 24, shi ne autan tawagar. Ranar 23 ga Maris 1961 ya cire wayoyin gwaji daga jikinsa, ya goge wurin da auduga mai sinadarin alkohol, ya jefar. Audugar ta faɗa kan rishon lantarki, ga ɗakin cike da iskar oksijin. Kafin a iya buɗe ƙofa wuta ta cinye shi, ya cika a asibiti. Bayan kwana 20, ranar 12 ga Afrilu, Gagarin ya yi tafiyarsa ta minti 108, duniya ta ɗauka. Sunan Bondarenko kuwa bai fito a jaridun ƙasarsa ba sai 1986. A ganina an zalunci yaron nan, domin shi ma da ransa ya biya kuɗin wannan hanya.

Amurka ta riga Tarayyar Sobiyet zaɓe, a Afrilun 1959, kuma ita ta sa sharaɗin karatu tun farko: digiri ko makamancinsa, sa'o'i 1,500 na tuƙin jirgi, shekaru ƙasa da 40. Mutum bakwai suka tsallake.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka gane ƙarfin hali kaɗai ba ya isa. Wa zai kalli dutsen wata ya san wanda ya cancanci a ɗauko? Shi ya sa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ɗauki masana kimiyya a 1965, cikinsu har da Harrison Schmitt, masanin duwatsu, wanda ya taka wata a 1972. A 1978 NASA ta buɗe wa mata da baƙaƙen fata ƙofa. Mae Jemison, da ta tashi a 1992, likita ce wadda ta taɓa aiki a Saliyo da Laberiya.

Yau NASA tana neman ɗan ƙasar Amurka mai digiri na biyu a kimiyya, injiniyanci ko lissafi, ko kuma likita, tare da gogewar aiki. Wanda aka ɗauka zai yi kusan shekara biyu yana horo: harshen Rashanci, tuƙin jirgin T-38, da nutso sanye da kayan sama a wani makeken tafki mai zurfin mita 12 a birnin Houston, inda ruwa ke kwaikwayon rashin nauyi. Bayan ya gama ma yana iya shekaru yana jiran layi.

A zaɓen 2017, mutum fiye da 18,300 suka nema. An ɗauki 12.