TARIHIN RIGA-KAFIN ANNOBAR KAJI



Kowace shekara in iskar hunturu ta taso, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, labari guda ke zo mana daga gidaje: kaji sun faɗi. Kaza ta saki fukafukai, tana numfashi baki buɗe, tana koren zawo, wata ma wuyanta ya murɗe tana ta juyi wuri ɗaya. Kwana huɗu ko biyar, akurkin da ke da kaza ashirin sai a tarar da biyu, ko babu ko ɗaya. Kaza kuwa ita ce asusun uwargida. Da ita ake sayen magani, da ita ake sayen littafin yaro ranar komawa lakwal, ita ake yanka wa baƙo. Tun ranar 31 ga Maris 2021 da anka rufe mahaƙar Cominak, gidaje da yawa a Akokan sun ƙara sanin darajarta. Wannan ciwo yana da suna, kuma an fi shekara 70 da samun riga-kafinsa. Don haka munka ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan fitowa.

ASALIN CIWON

A shekarar 1926 likitocin dabbobi sunka fara bayyana shi a wuri biyu masu nisa da juna: tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, da kusa da birnin Niyukasil na Ingila. A 1927 wani likita mai suna Doyle ya sa masa sunan wannan birni, sunan da ya bi shi har yau. A Nijeriya an tabbatar da shi a farkon shekarun 1950.

Abin da ke kawo shi ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya, irin wadda ake kira birus. Tana bin numfashi, da kashin kaza, da ruwan sha, da keji, da takalman mutane. Tana kama zabbi da tantabaru su ma. Kafson da muke saye a tebur muna zuba wa kaji a ruwa ba ya kashe birus, haka barkono da sassaƙen maɗaci. In ciwon ya shiga jiki, ba shi da magani. Sai dai a tare shi tun bai zo ba.

DAGA PASTEUR ZUWA ƘWAI

Duk wanda ya zauna a benci ya ji sunan Louis Pasteur na Faransa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da kaji ya fara. A 1879 da 1880 yana aiki a kan wani ciwon kaji daban, wanda ake kira kwalarar kaji, ya gane cewa in an ba kaza ƙwayar cutar da ta yi rauni, jikinta yana koyon faɗa da ita, in mai ƙarfin ta zo daga baya sai ta tarar da shi a shirye. Wannan shi ne tushen riga-kafin da ake haɗawa a labo.

Amma birus ba ta yaɗuwa cikin romo a kwalba kamar ƙwayar da Pasteur ya yi aiki da ita, sai cikin abu mai rai. A 1931 wasu masana biyu na Amurka, Alice Woodruff da Ernest Goodpasture, sunka nuna ana iya renon birus cikin ƙwan da ke da ɗan tsako a ciki. Daga nan hanya ta buɗe. A shekarun 1940 cibiyar Mukteswar ta ƙasar Indiya ta yi ta ratsa ƙwayar Niyukasil daga ƙwai zuwa ƙwai har ta yi laushi, ta zama riga-kafi, ko da yake tana da ƙarfi ga ƴan tsaki. A Amurka anka samo iri biyu masu sauƙi ƙwarai: LaSota, wanda anka ɗauko a 1946 daga wata gonar kaji a jihar New Jersey, da Hitchner B1 na 1948. Har yanzu da su manyan gidajen kaji na duniya ke aiki.

ME YA HANA SHI ISO MANA?

Abu uku ne. Na farko zafi. Waɗannan riga-kafi masu rai ne, suna son sanyin firigo, digiri 2 zuwa 8, tun daga inda anka yi su har zuwa bakin akurki. Mu kuwa da bazara zafinmu yana wuce digiri 40. Na biyu yawa: an saba zuba su cikin kwalba mai isar kaza 500 ko 1000, don mai babbar gona, alhali uwargida tana da goma ko sha biyar, suna yawo cikin unguwa. Na uku nisa.

Mu duba garinmu. An kafa Arlit a 1969 saboda mahaƙar Somaïr, uraniyom ya fara fita a 1971, na Cominak ya biyo baya a 1978. Gari ne cikin hamada, kilomita wajen 240 arewa da Agadas. Hatsi daga kudu yake zo mana, kaji ma da yawa haka, cikin keji a bisa kamyo, ta hanyar Tawa. Hanyar da ke kawo mana kaza ita ke kawo ciwonta, don kejin da ya kwana a kasuwa biyu ko uku ya gamu da kowane irin tsuntsu. Riga-kafi kuwa in ya bi wannan hanya ba ƙanƙara, kafin ya iso ya mutu. Wutar da Sonichar ke bayarwa daga Anu Araren tun 1981 ta sa garuruwan ma'adinai sun sami firigo, amma ƙauyukan da munka fito, da yawansu ba su samu ba.

RIGA-KAFI MAI JURE ZAFI

Sauƙin ya fito daga Ostareliya. A 1966 anka gano wata ƙwayar Niyukasil a jihar Kwinsilan wadda ke zaune jikin kaji ba ta sa su ciwo, anka sa mata suna V4. A shekarun 1980 wani malamin jami'ar Kwinsilan, Peter Spradbrow, da abokan aikinsa na ƙasar Maleshiya sunka riƙa gasa ta da zafi suna tsince wadda ta rayu, har sunka sami iri mai jurewa. Da yake wannan iri ya zama hajar kamfani, sai da kuɗin waje ake samunsa, a shekarun 1990 sunka sake fitar da wani mai suna I-2, sunka riƙa ba ƙasashe matalauta irinsa kyauta don kowace ta haɗa nata. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba ko tsako, a sake bayan wata huɗu. Yana jure kwanaki ba firigo in an naɗe kwalbar cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, an ajiye ta a inuwa. Ba ya jure rana.

A Mozambik anka gwada shi sosai cikin ƙauyuka, mutanen gari da kansu ke ɗiga shi. Cibiyar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana haɗa shi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso kuwa, tun ƙarshen shekarun 1970, wata hanya sunka bi: sunka koya wa mutanen ƙauye yin allura da riga-kafin da anka kashe ƙwayarsa, kowa yana yi wa kajin garinsu, ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A KIYAYE

Ba kowace mutuwar kaji ce Niyukasil ba. A watan Fabrairu 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla kusa da Kaduna, cikin wannan wata kuma anka tabbatar da ita a Magarya, jihar Damagaram. Alamunta sun yi kama da na Niyukasil, tana iya kama mutum, kuma riga-kafin Niyukasil ba ya tare ta. Saboda haka in kaji sunka faɗi da yawa lokaci guda, a sanar da ma'aikatar kiwo, a binne matattun, kada a ba yara su fige.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Masana sun yi nasu, daga 1926 zuwa yau. Saura ƴan matakai tsakanin kwalba da akurki, kuma mutum ɗaya ba ya iya su, don kwalba in an buɗe ta ba ta jira, sai an haɗa kajin gida da yawa rana guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon biro na ƙungiya ya sa wannan magana cikin taro mai zuwa, ya tuntuɓi malaman dabbobi su faɗa mana irin riga-kafin da ke samuwa da kuɗinsa, a zaɓi mutum biyu a kowace unguwa da can gida, har da mata, a koya masu aikin.

A yi riga-kafin tun watan Oktoba, don jiki yana son kamar mako biyu kafin ya yi ƙarfi. Kada a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Wadda anka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Wanda ya ga ciwo a akurkinsa ya ji tsoron Allah, kada ya kwashi sauran ya kai kasuwa, don gidan ɗan'uwansa za su.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayenmu mata wannan takarda, don kajin nasu ne. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu hunturu lafiya, amin.